Yadda ake kiwon ƙananan gansakuka a zafin Yamai da Tawa: daga na teku zuwa sifirulin

Gansakuka ba iri ɗaya ba ce. Wadda ke shimfiɗa kore a bakin rijiya, ko a gefen tabkin Tabalak idan ruwa ya ja baya, daban take da waɗanda ake kiwo don ci ko don ciyar da ƴaƴan kifi. Waɗannan ƙanana ne ƙwarai, ƙwaya ɗaya ba ta ganuwa sai da madubin ƙara girma na ɗakin gwaji. Abin da ido ke gani shi ne launin da suke ba ruwa idan sun yi yawa. Kowane iri da ruwan da yake so, da zafin da yake ɗauka, da hasken da ya ishe shi. Aikin mai kiwo shi ne ya haɗa ruwan da irin da yake so zai ji daɗin zama a ciki, sauran halittu kuma su kasa.

Abin da na teku suke so

Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, pH ɗinta kuma, wato awon tsami ko kanwar ruwa (ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa), wajen 8.1. Ƙananan gansakuka suna zaune ne a sama, iyakar inda haske ke kaiwa. Ko a ruwan da ya fi kowane zama garau, wannan bai wuce mita 200 ba, a bakin gaɓa mai laka kuwa ƴan mitoci ne. Matsalarsu ita ce haske yana sama, abinci yana ƙasa, domin duk abin da ya mutu nutsewa yake yi. Shi ya sa tsakiyar teku mai shuɗi ba ta da su da yawa. Inda suke cika shi ne inda iska ke ture ruwan sama, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso da abincinsu, wato nitrat mai ɗauke da azot da fosfat mai ɗauke da fosfor: gaɓar Muritaniya da Senegal, gaɓar Namibiya, gaɓar Peru. Kifin da jirage ke saukewa a Nuwadibu ta Muritaniya, tushen abincinsa ke nan. A jikinsu, duk ƙwayar zarra 1 ta sinadarin fosfor tana tafiya da ƙwayar azot 16 da ta karbon 106, lissafin da ke ɗauke da sunan Alfred Redfield, wanda ya fara lura da shi a 1934. Idan ɗaya daga cikin ukun ya ƙare, girma ya tsaya, ko da sauran biyun sun yi tuli.

Irin da aka fi kiwo a gidajen ƙyanƙyasar kifi da jatan lande su ne Nannochloropsis, Tetraselmis, Isochrysis da Chaetoceros. Yawancinsu sun fi girma tsakanin digiri 18 da 24, suna jurewa har 27, da yawansu kuma mutuwa suke idan ruwa ya haura 35. Abin mamaki, a kwalba sun fi son ruwan da bai kai teku gishiri ba, giram 20 zuwa 25 a lita, da pH tsakanin 8.2 da 8.7. Chaetoceros tana gina wa kanta ɓawo irin na gilashi, saboda haka sai an ƙara mata silikat, sinadarin da take gina ɓawon da shi. Dunaliella salina ita ce ta fita zakka: tana rayuwa a ruwan da gishirinsa ya ninka na teku sau da yawa, idan rana da gishiri suka matsa mata sai ta tara karoten, sinadarin da ke ba karas launi, ta yi ja. Ita ce ke taimakawa wajen ba tabkin Retba na Senegal launin ruwan hoda da aka san shi da shi.

Ɗalibi ko malamin da ke son riƙe ɗaya daga cikinsu a Yamai, inda teku mafi kusa ta hanyar Kwatano ta kai kilomita 1,000, haɗa ruwan zai yi da kansa. Gishirin girki shi kaɗai ba ya yi, domin ruwan teku yana da salfat giram 2.7 a lita, magneziyom 1.3, kalsiyom da potasiyom wajen 0.4 kowanne. A nemi gishirin da ake haɗawa don akwatin kifin teku, a narka giram 25 zuwa 30 a litar ruwa, a tafasa, a bari ya huce a rufe. Sai a sa abincin da ake kira f/2, wanda Guillard da Ryther suka fitar a 1962: sodiyom nitrat miligiram 75 da sodiyom fosfat miligiram 5 a lita, da ɗan ƙarfe da bitamin, da silikat miligiram 30 idan mai ɓawo ce. A zuba iri kashi 1 cikin 10 na ruwan, a sa fitilar LED a gefen kwalbar awa 16 a rana, a hura iska da ƙaramin famfon akwatin kifi ta cikin toshiyar auduga. Cikin kwana 5 zuwa 7 launi ya kankama, sai a ɗebi kashi 1 a sabunta a wata kwalbar kafin abinci ya ƙare. Duk wannan a ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Wuta ta ɗauke yini guda a watan Afrilu, washegari kwalbar ta koma ruwan toka mai ƙarni. Don haka a riƙa ajiye kwalba ta biyu cikin randa mai ruwa a inuwa.

A fili kuwa, a ƙarƙashin ranar Adar, kiwon na teku ɓata kuɗi ne. Wadda ta dace da mu ƴar gida ce.

Sifirulin, ƴar ruwan kanwa

Sunanta na kimiyya Arthrospira platensis. A madubi zare ne kore mai ratsin shuɗi, a murɗe kamar sifirin. A kududdufan kanwa na yankin Kanem, gabas da tabkin Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasarta, su zuba a ramin yashi ta bushe, su yanka gutsi-gutsi su kai kasuwa da sunan dihe. Pierre Dangeard ya bayyana ta a 1940, sannan Jean Léonard, masanin tsirrai ɗan Beljiyam, ya sake cin karo da ita a kasuwar Fort-Lamy, Injamena ta yau, a tsakiyar shekarun 1960. A bushe, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na nauyinta furotin ne.

Abin da ya sa take da sauƙin kiwo a buɗaɗɗen wuri shi ne ruwanta. Tana son pH 9.5 zuwa 10.5, inda yawancin ƙwayoyin cuta da sauran gansakuka ba sa iya zama. Kanwar ita ce katangarta. Tana son zafi: digiri 35 zuwa 37 ne ganiyarta, ƙasa da 20 kusan ba ta motsi, sama da 40 ta fara wahala, a 43 kuwa ƴan awoyi sun isa su kashe tafki guda.

Gina tafkin

A fara da ƙarami, mita 5 tsawo, mita 2 faɗi. Ruwa mai zurfin santimita 20 a cikinsa lita 2,000 ne. Bango ya kai santimita 40, don ruwan sama ya samu wurin zama. A zagaye kusurwoyi, domin kusurwa mai kaifi nan ruwa ke kwanciya, matattun ƙwayoyi su taru su ruɓe. Wurin ya zama mai rana, nesa da bishiya, da turken dabbobi, da masai. A sa waya ko darni saboda awaki da yara, domin ruwan nan yana da zafi a ido.

Hanya mafi arha ita ce bangon bulo ko tubali a shimfiɗa masa bash. A nemi farin leda mai kauri irin na ajiyar ruwa ko na lambu. Tsohon bash na babbar mota da ake samu a kasuwar Katako sau da yawa ya sha mai da maganin ƙwari, a guje shi. Kafin a shimfiɗa, a daddaɓe ƙasa, a zuba toka kauri ɗan yatsa biyu, a bi da yashi mai laushi. Tokar saboda gara ce, wadda ke huda leda daga ƙasa ba a sani ba sai an ga ruwa yana raguwa. Idan da siminti aka yi, a cika shi da ruwa mako biyu a zubar, domin sabon siminti yana sakin farar ƙasa mai harba pH sama.

Kada jan ƙarfe ko kwanon rufi su taɓa ruwan. Tagulla da tutiya guba ne gare ta, har ɗigon ruwan sama daga kwano yana iya yin ɓarna. Bokiti, muciya, mazubi, duk na roba.

Sama da tafkin a kafa rumfa mai tsawo, gefe a buɗe, a rufe gefen da ragar sauro. Rufin ya zama abin da ake iya ja a mayar: zana, ko ragar inuwa mai tare rabin haske.

Ruwa da haɗinsa

Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe don jabel ɗin da ke ciki ya fita. Ruwan kogin Isa sai an tace, an bar laka ta kwanta. A Tawa akwai wani abin lura: ƙasar Adar tana da dutsen farar ƙasa, shi ne ma dalilin masana'antar siminti a Malbaza, kuma rijiyar da sabulu ba ya kumfa a ruwanta tana da kalsiyom da yawa. Irin wannan ruwan da ya haɗu da bikarbonat zai yi fari kamar tsala, ya kwantar da farin gari, garin kuma ya tafi da fosfat da ƙarfe. Maganinsa a fara zuba bikarbonat da gishiri su kaɗai, a bari kwana ɗaya, a tsiyaye na sama, sannan a sa sauran kayan.

Haɗin ɗakin gwaji da aka fi sani shi ne na Claude Zarrouk na 1966, mai bikarbonat giram 16.8 a lita. Yana da kyau amma ya yi tsada ga tafki. Ga wanda ƙananan gonaki ke amfani da shi, a kowace lita 100:

bikarbonat na sodiyom giram 800, gishiri giram 500, potasiyom nitrat giram 200, potasiyom salfat giram 100, magneziyom salfat giram 20, fosfat na amoniyom mai narkewa giram 10, takin ure giram 2, salfat na ƙarfe rabin giram.

Kowanne a narka shi daban a bokiti kafin a zuba. Gishirin ya fi kyau ya zama ɗanye, wanda ba a sa wa komai ba. Idan nitrat bai samu ba, ure zai riƙe wurinsa, amma da sharaɗin da za mu zo kansa. Fosfat ɗin dutse da ake haƙowa a jihar Tawa yana da amfani a gona, a nan kuwa ba ya narkewa, zama zai yi a ƙasan tafki kamar yashi. Masu amfani da takin NPK 15-15-15 su narka shi a bido, su bar shi ya kwanta, su ɗebi na sama kawai, su kuma kai amfanin farko gwaji, domin takin gona yakan zo da kadmiyom, wani ƙarfe mai guba.

Rabin giram na ƙarfe yana da wuyar aunawa. A narka giram 10 a litar ruwa da aka matse wa lemon tsami biyu, a ajiye a kwalba mai duhu. Kowane mililita 100 giram 1 ke nan. Tsamin ne ke hana ƙarfen komawa tsatsa da zarar ya shiga ruwan kanwa.

To kanwa fa? Ana iya sa ta a madadin bikarbonat, kuma muna da ita: ta Dallol Boso, ta Manga, ta Kawar. Sai dai kanwa ba ta da ma'auni ɗaya. Wata rabinta ƙasa ce, wata gishirinta ya fi yawa, jar kanwa kuma tana rina ruwa ya tare haske. A zaɓi fara mai tsabta, a daka, a jiƙa kilo 1 a lita 10, a bari kwana biyu, a tace da ƙyalle ninki huɗu. Daga wannan ruwan a haɗa kwalba uku, ɗaya daidai da giram 8 na kanwa a lita, ɗaya 12, ɗaya 16, a sa sauran abincin da iri daidai wa daida, a jira mako guda. Kwalbar da ta fi yin kore ita ce awon wannan buhun. An sayo sabon buhu, a sake gwajin. Da kanwa a rage gishiri zuwa rabi, tunda ta zo da nata.

Iri da ninka shi

Garin sifirulin na kanti matacce ne, ba ya tsiro. Sai an samo rayayyen iri daga wata gona ko ɗakin gwaji. Kudugu a Burkina Faso ta daɗe da gonakinta. Irin yana iya yin tafiyar kwana biyu zuwa uku a bido da aka cika rabi, ana buɗe murfin lokaci-lokaci, ba a cikin but ɗin mota mai zafi ba. Da ya iso a duba shi a madubi: zare masu murɗa, ba baƙin ƙwayoyi a tsakani.

Kuskuren da ya fi kashe iri shi ne a juye lita ɗaya cikin lita dubu. Ƙwayoyin suna yi wa juna inuwa, idan suka yi ƙaranci rana ta ƙone su, da yamma ruwa ya koma rawaya. A bi a hankali. Lita 1 ta iri a ƙara mata lita 1 ta haɗi a cikin roba, a inuwa mai haske. Duk ranar da launi ya dawo, a ƙara kashi 1 cikin 4 na abin da ke ciki. Daga roba zuwa baho, daga baho zuwa wani yanki na tafkin da aka tare da katako a ƙarƙashin leda, ana ja da katakon baya yayin da ruwan ke ƙaruwa. Daga lita ɗaya zuwa cikar tafki, a yi tsammanin wata ɗaya da rabi ko fiye, gwargwadon zafi.

Abin awon kauri kai za ka yi shi. Ka manna farin murfin roba a ƙarshen rula, ka nutsa shi sannu har ya ɓace wa ido, ka karanta zurfin. Santimita 2 zuwa 3, tafki ya ƙoshi, a girba. Santimita 5 zuwa 6, ya yi ruwa-ruwa, a ja inuwa, kada a girba. Lokacin ninka iri kada a bari ya wuce 5.

Aikin kullum

Sifirulin tana da jakunkunan iska a jikinta, tasowa take ta yi kirtsi a sama. Na saman ya ƙone, na ƙasan ya rasa haske. Saboda haka a motsa ruwan da tsintsiyar roba mai dogon hannu, a kai har ƙasa, aƙalla duk awa biyu daga hantsi zuwa la'asar, da tsakar rana ma kowace awa. Mai hali ya sa ƙaramin injin hura iska ko fulafulai masu juyawa sannu da wutar hasken rana. Famfo mai gudu yana yanka zaren gutsi-gutsi, su zube ta ramin matata.

A yi alama a bango daidai santimita 20. A bazara tafki yana iya rasa kusan santimita ɗaya a yini, lita 100 ke nan a namu. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, don haka da ruwa zalla ake cikawa, ba da haɗi ba, kuma da yamma.

Ma'aunin zafi ya shiga ruwan sau biyu, da asuba da wajen ƙarfe 3 na rana. A Afrilu da Mayu, lokacin da iskar Yamai ke haura digiri 41, tururin da ke tashi daga tafkin shi ke sanyaya shi. Wanda ya lulluɓe tafki da leda a wannan lokacin dafa shi ya yi. A buɗe gefe, a ja zana daga ƙarfe 11 zuwa 4, a ƙara zurfi zuwa santimita 25 ko 30. Ruwa ya kai 38, a ƙara inuwa da motsi, a zuba ruwan randa.

Hunturu yana da nasa tarkon, kuma shi mutane suka fi mantawa. A Disamba da Janairu ruwan yakan kwana ya sauka ƙasa da digiri 15, sai rana ta fito tas. Haske mai ƙarfi a kan ƙwaya mai sanyi yana lalata ta, domin tana karɓar hasken amma ba ta iya aiki da shi. A rufe tafkin da leda da dare don ya riƙe ɗumi, a bar inuwa da safe har ruwa ya kai 20. Ledar tana kuma tare ƙurar buji. A damina, ruwan sama na milimita 40 yana ƙara santimita 4 a kan 20, ya tsinka haɗin, pH ya sauka, baƙi su samu ƙofa. Idan ya shiga, a auna abin da ya ƙaru, a sa masa bikarbonat da gishiri gwargwadonsa.

Girbi

Da sassafe ake girbi, lokacin furotin ya fi yawa, kuma a samu yinin shanya. Ana buƙatar matata biyu. Ta sama mai ɗan faɗin rami, kamar mikron 200 zuwa 300 (mikron 1,000 ne milimita 1), tana tare ƙwari da ganye. Ta ƙasa ƙyallen nailan ko poliyesta mai mikron 30 zuwa 50, irin na masu buga zane a riga, a ɗaure a firam a ɗora bisa tafkin don ruwan ya koma ciki. Tafki mai lafiya yana ba da giram 5 zuwa 8 na busasshe a kowane murabba'in mita a yini. Namu wajen giram 60 ke nan, wato a tace kamar lita 150.

Abin da ya taru a ƙyalle a kankare shi da cokalin roba, a naɗe a ƙyalle mai ƙarfi, a danne da dutse tsakanin katako biyu minti 15 zuwa 20. Ruwan da ke fita fari ne. Da ya fara yin kore, a tsaya, ƙwayoyi sun fara fashewa. Curin ya yi tauri kamar tuwon da ya kwana, a yanka da wuƙa bai manne ba. Giram 250 zuwa 300 na wannan shi ke ba da giram 60.

Ɗanye ba ya jira. A zafinmu awoyi kaɗan ya fara wari, a firiji kwana biyu zuwa uku. Don busarwa a cusa shi a babban sirinji ko gwangwanin roba mai huda, a matso shi siriri kamar taliya, kaurin milimita 1 zuwa 2, a kan raga. A shanya a inuwa mai iska, ko a akwatin busarwa da zafinsa bai wuce digiri 60 ba, a rufe da ragar sauro saboda ƙuda. Rana kai tsaye tana cin shuɗin launinta da karoten. Ya bushe cikin awa 5 zuwa 6, ya karye ƙaras. Wanda ya kwana da danshi ya yi tsami, na kaji ne. A daka, a zuba a leda mai kauri ko kwalba, a toshe, a ɓoye daga haske.

Mayar wa tafki abin da aka cire

Duk kilo 1 na busasshe da aka girba, a mayar da ure giram 300, fosfat giram 50, potasiyom salfat giram 40, magneziyom salfat giram 30, salfat na ƙarfe giram 2.5. A girbin giram 60: ure giram 18, fosfat 3, potasiyom 2.5, magneziyom 2, da mililita 15 na ruwan ƙarfen nan.

Ga sharaɗin ure. A ruwa mai pH 10 yana juyewa amoniya, amoniya kuma idan ta yi yawa kisa take. Kada a tara na mako a zuba rana ɗaya. Kullum da nasa, da safe bayan girbi, a narke, ana zubawa ana motsawa, kuma kada ya wuce giram 2 a lita 100 a yini. Ranar hadari ko sanyi da ba a girba ba, ba a sa ure. Hanci ya ji warin fitsari a bakin tafki, a tsayar da shi kwana biyu zuwa uku, a ƙara motsi.

Kusan rabin nauyin sifirulin karbon ne, kuma daga bikarbonat take zarensa, shi ya sa pH ke hawa kullum. A auna da takardar pH duk kwana biyu. Ƙasa da 10.3 a bar shi, iska ma tana ba da nata. Ya haura 10.5, a sa bikarbonat giram 150 zuwa 300 a yini. Ya kusa 11, zaren sun fara karyewa. Wasu suna sa sukari, rabin kilo ga kilon girbi, wato giram 30 a namu, don ƙwayoyin bakteriya su ci su saki iskar karbon. Yana aiki, amma idan aka zarce ruwa ya yi fari-fari, matata ta toshe. Tunda bikarbonat yana barin soda a baya, duk kwana 10 a zuƙe kashi 1 cikin 10 daga ƙasa, inda laka take, a cika da sabon haɗi. Ruwan da aka fitar kada ya je lambu, yana kashe ƙasa. A zuba a rami mai leda ya bushe.

Karanta launi

Kore mai duhu da ratsin shuɗi, lafiya lau. Kore mai haske da ke karkata zuwa rawaya ba tare da kumfa ba, azot ne ko ƙarfe ya ƙare. Rawaya da kumfa mai yawa, ƙwayoyi ne ke fashewa saboda rana ko zafi ko pH: inuwa nan take, a dakatar da girbi. Guntaye masu yauƙi kamar kuɓewa da ke toshe ƙyalle suna nuna wahala, galibi ƙarancin azot ko tsufan ruwa, sai a sabunta kashi 1 cikin 4. Baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a ƙasa, motsi ne bai kai ƙasa ba.

Idan ruwan da ya ratsa ƙyalle ya fito kore shar, Chlorella ce ta shiga, ƙananan ƙwayoyi masu zagaye da ke wuce ramin. Yawan girbi ne ke ba ta dama, domin kullum ana cire sifirulin ana mayar da ita. A daina motsi da dare. Da asuba sifirulin tana sama, ita tana ƙasa. A kwashe na saman zuwa sabon haɗi, a zubar da sauran, a wanke tafkin. Tsutsar ƙudan ruwan gishiri ba ta da guba amma tana ci, a kwashe da raga. Ƙadangare ko kwaɗo da ya faɗa ya mutu a cire shi da wuri, a bar girbi kwana biyu.

Haɗarin da ido ba ya gani shi ne wasu dangin sifirulin masu guba, irin su Microcystis, da ke iya shiga idan pH ya faɗi. Gubarsu hanta take taɓawa, busarwa kuma ba ta kashe ta. Don haka ba a kwasar koren ruwan kududdufi a ce sifirulin ce, kuma duk wata a kai ɗigo a duba a madubi. Mai niyyar sayarwa ya kai samfuri ɗakin gwaji, irin LANSPEX a Yamai, a duba ƙwayoyin cuta, ya kuma nemi awon dalma da kadmiyom da arsenik.

Wajen ci, babba ya fara da giram 1 a yini, ya hau zuwa 3 ko 5 cikin mako biyu. Ba a dafa ta. A barbaɗa a fura, ko a koko bayan ya huce, ko a kwaɗon zogale, da ɗan lemon tsami don jiki ya fi karɓar ƙarfen. Bitamin B12 da ke cikinta yawancinsa ba irin da jikin mutum ke amfani da shi ba ne, saboda haka ba ta maye gurbin nono da nama. Mai ciwon ƙoda ko gawut, wani ciwon gaɓoɓi, ya tambayi likita tukuna. Yaron da tamowa ta kama har ƙafa ta kumbura, gidan likita za a kai shi a ranar.